Yawon Asabar da Tuwon Rumfa

Iyayenmu da kakanninmu ba su ɗauki cin abinci a bainar jama'a abin kirki ba. A wurinsu, in aka ga magidanci mai mata da 'ya'ya tsugune a kasuwa da akushi gabansa, to, ɗayan biyu ne: ko dai rumbunsa ya ƙone, ko kuwa akwai 'yar tsama tsakaninsa da uwargida. Cin kasuwa na matafiyi ne, da gwauro, da almajiri, da ɗan dako. Malamanmu na zaure ma su kan ce mai yawan ci a kan hanya mutuncinsa raguwa ya ke yi, har shaidarsa a gaban alƙali ta kan yi rauni. Da wannan aka rene ni, kuma har yau ba na raina shi, gama akwai kunya a ciki, kunya kuwa ado ce. Amma garinmu Gusau ya daɗe da yi wa wannan al'ada kwaskwarima, ba don rashin kunya ba, sai don yadda Allah ya tsara arzikin garin.

Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu, shi ya kafa Gusau a zamanin jihadi, bayan ya baro 'Yandoto. Gari ne na malamai da manoma, har Turawa suka shimfiɗo hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, ta biyo ta Funtuwa, ta ratsa Gusau, ta dangana da Ƙauran Namoda a 1929. Daga nan fa sai kamfanoni suka kafa kantuna suna sayen gyaɗa da auduga da fata. Lebura ya zo, direba ya zo, akawu ya zo, Yarabawa da Ibo da Nufawa suka cika Sabon Gari. Bayan samun mulkin kai aka gina masaƙa, ta ɗebi ma'aikata masu yawa. Duk waɗannan mutane kuwa da cikinsu suka zo, amma galibinsu ba su zo da mai girka musu ba. To, wa zai ce da leburan da ya wuni yana ɗaukar buhun gyaɗa ya ji kunyar tsugunawa gaban mai tuwo? Jirgin ya daɗe da daina zuwa yadda ya saba, masaƙar ma ta yi shiru, amma a 1996 da aka yanke Jihar Zamfara daga ta Sakkwato, aka mai da Gusau babban birni, sai ga wani sabon ayari na ma'aikata, da yawansu sun baro iyali a baya. Murhun masu tuwo bai taɓa mutuwa ba ke nan.

Mu huɗu ne masu yawon da zan ba ku labari. Akwai ni, da wani malamin firamare, da wani tela maƙwabcina, da wani tsohon direba wanda ya girme mu duka, shi ne kuma idonmu a kan hanya. Ran Asabar, in babu ɗaurin aure ko jana'iza, mu kan haɗu da hantsi mu fita shan iska. Sharuɗanmu biyu ne tak. Na fari, ba mu shiga manyan otal masu gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, inda za a kawo maka takarda ka zaɓi abinci da Turanci. Na biyu, inda muka ci makon jiya ba nan za mu ci wannan makon ba, sai dai in miyar ta kai a karya mata doka. An kuwa sha karyawa.

Wani zai ce, wannan ai aikin marasa aikin yi ne, mutum da tuwonsa a gida. Haka matata ta ce da fari. Amma ni ga abin da na gani. Mutum ya kan shekara arba'in a gari, alhali bai san kome a cikinsa ba sai hanyar gidansa zuwa wurin aiki, da ta masallaci, da ta kasuwa. Ni aikina na takarda ne, sunayen unguwanni da ƙauyuka kullum suna ratsawa ta hannuna, Tudun Wada, Birnin Ruwa, Sabon Fegi, Unguwar Toka, Samaru, Damba, amma suna a takarda daban, ƙasar da a ke takawa daban. Sai da na fara zama kan bencin masu abinci sa'an nan na san abin da ke damun mutanen da na ke rubuta sunayensu. A rumfar tuwo a ke jin kuɗin taki, da wanda aka sace wa shanu, da unguwar da famfonta ya ƙafe, tun kafin labarin ya kai ofis, in ma zai kai.

Bari in fara da yadda a ke gane rumfar kirki, domin ku da kuka fito ajin yaƙi da jahilci yanzu kuna iya karanta allon da a ke kafawa a bakin hanya, wanda a kan rubuta “Ana sayar da abinci mai daɗi a nan.” Madalla da karatu. Amma ku sani allo ba ya girki. Mun sha shiga wuri mai allo da fenti da labule mu tarar da miya kamar an wanke tukunya, mun kuma sha cin tuwon da ba a mantawa a ƙarƙashin buhunan da aka ɗinke aka yi inuwa da su. Tsohon direbanmu shi ya koya mana dabarar. Ya ce, in ka sauka garin da ba ka sani ba, kada ka tambayi mai babbar riga inda a ke cin abinci, dubi inda direbobi da 'yan kamasho da masu tura kura suka yi cincirindo, gama su kullum a nan su ke ci, kuma kuɗinsu da gumi suka same shi, ba su yarda a cuce su sau biyu. Wurin da ke da ciniki kuma abincinsa ba ya kwana.

Ni kuma na ƙara da nawa. Kafin in dubi tukunya, ruwan wankin kwano na ke fara dubawa. In na ga bahon ruwa guda ne tun safe, ya yi kauri har cokali na iya tsayawa a ciki, sai in yi sallama in wuce, ko da ƙanshin miyar zai tsinka mini hanci. In kuwa na ga baho biyu ko uku, da sabulu, da buta cike a gefe don wanke hannu, an kuma rufe tukwane, to, na sami wurin zama. Wannan ba tsirfa ba ce. Ciwon amai da gudawa da ya ratsa jihohin Arewa da damina a 2021, har da tamu, ta ruwa da abinci marar tsabta ya ke shiga, kuma ba ya tambayar ko kai akawu ne ko ɗan dako. Saboda haka abin da aka sauke daga wuta yana tururi shi ne abokin tafiya. Kwaɗo da ganyen da ba a dafa ba, sai a hannun wadda ka sani.

Abincin da muka fi nema shi ne namu na gado. Baƙon da ya zo daga Kano ko Zariya ya kan yi ɗan ruɗewa da fari, domin abin da ya sani da waina mu masa mu ke ce mata, yakuwarsa kuma mu sure ce a wurinmu. Tuwon dawa da miyar sure, an sa daddawa ta ji, an ɗiga man shanu a kai, ban san abin da ya fi shi da rana tsaka ba. Sa'an nan ga hoce, wanda in ana maganar abincin Zamfarawa shi ne a gaba. Garin dawa a ke kwaɓawa, a bar shi ya ɗan yi tsami, kana a gasa shi har ya yi ɓawo a baya. A kan ci shi da miya, a kan kuma marmasa shi a yi datu da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da albasa da yaji. Ba shi da kyan gani, kuma yaran yanzu da suka saba da taliyar leda su kan yi masa kallon abincin ƙauye. Amma yana kwanaki bai lalace ba, shi ya sa ya zama guzurin fatake da masu zuwa cin rani, wanda kuwa ya ci biyu ya kora da ruwa, to, shi da yunwa sai la'asar. Telanmu ya kan ce hoce ba ya son mai gaggawa: in ka yi masa haɗiyar shinkafa, zai tsaya maka a wuya ya tambaye ka inda za ka.

Ba mu tsaya ga namu kaɗai ba. A Sabon Gari mun ci sakwara da miyar agushi, mun ci amala da teba a hannun matan Yarabawa waɗanda iyayensu a nan aka haife su, Hausarsu ma ta fi ta waɗansunmu gishiri. Barkononsu dai sai mai ƙarfin hali. Da dare kuwa sarauta ta masu shayi ce da masu tsire da balangu. Tun da aka fara aiki da shari'ar Musulunci a jihar a shekarar 2000, aka rufe gidajen giya, teburin mai shayi ya ƙara zama majalisar gari. A nan za ka ga ɗan sanda da ɗan acaɓa da malamin asibiti a benci guda, kowa da kofinsa, ana gardamar ƙwallo ko ta siyasa. Ba zan daɗe a kan wannan ba, kowa ya san shi.

Abin da ya fi daɗi a yawonmu shi ne fita bayan gari. In ka bar Gusau ka kama hanyar Funtuwa, ba za ka yi rabin sa'a a mota ba sai ka ga dutsen Kwatarkwashi ya taso maka, baƙi ƙirin, ya tokare sama, garin kuma yana kwance a gindinsa kamar 'ya'yan kaza a gindin uwa. Ko da ya ke a kan hanyar Tsafe ya ke, a ƙaramar hukumar Bunguɗu a ke lissafa shi. Tsofaffin garin suna ba da labarin zamanin da maiki ke sheƙa a kogunan dutsen, da bikin da a kan yi shekara-shekara inda samari masu ji da kansu ke hawa su kamo shi da hannu a kawo gaban sarki. Mu dai a zuwanmu shirwa muka gani tana shawagi.

Mun hau shi da sanyin safiya, cikin hunturu, wani yaro ɗan garin yana yi mana jagora. Ina ba mai niyyar hawan kowane dutse shawara ya nemi ɗan gari, ya kuma fara gaida masu gari, domin dutse yana da hanya kamar yadda gari ke da ita, wanda bai sani ba sai ya ɓata ko ya zame. Ba mu kai ƙololuwa ba. Malamin makarantarmu, mai yawan ba yara labarin manyan duwatsun duniya, shi ya fara neman wurin zama, yana haki yana cewa ai ilmi ba a ƙafa ya ke ba. Amma inda muka tsaya ma ya isa. Ga gonaki shimfiɗe an girbe dawa an bar kara, ga tsamiya da kuka da ɗorawa jefi-jefi, ga titi ya miƙe kamar zare, manyan motoci na tafiya a kansa kamar tururuwa. Iska kuwa tana kaɗawa, ba ƙarar inji, ba hayaƙi. Na daɗe ina ganin wannan ƙasa a taswirar da ke rataye a bangon ofis, ran nan na ga abin da taswira ba ta iya faɗi. Gani ya kori ji.

Da muka sauko, ƙafafu na rawa, sai muka tarar da wata dattijuwa a bakin titi tana tuyar masa a tanda, jikanyarta na zuba miyar taushe. Muka gaisa. Ta dube mu sama da ƙasa, ga ƙura har gira, ta ce, “Malamai, mi kuka nema bisa dutsi? Wani abu ya ɓace muku?” Direbanmu ya ce, “Inna, iska muka je sha.” Ta yi dariya har ta saki cokali, ta ce, “Iskan ƙasa ya ƙare ke nan, sai na bisa? To, ku zamna ku ci abin da ka riƙe ciki.” Na ci masa a wurare da yawa, har a gidan biki inda aka zuba mata zuma, amma ban ci wadda ta kai ta ran nan ba. Ko gwanintar tsohuwar ce, ko kuwa yunwar dutse, wannan gardama har yanzu ba mu raba ta ba.

Gaba da Kwatarkwashi, kafin ka shiga Tsafe, akwai 'Yandoto. Mai wucewa a mota ba zai ga abin da zai tsai da shi ba, alhali kuwa wannan wuri tsohuwar cibiyar ilmi ce wadda malamai da almajirai ke nufowa daga nesa tun kafin jihadi, har Muhammadu Bello ɗan Shehu ya yaƙe ta da malamanta suka ƙi bin jama'ar Shehu. Sarkin Tsafe ma sarautarsa 'Yandoto ce. Ni da na yi karatun allo, duk sa'ad da muka zo nan sai in ji jikina ya yi sanyi, in tuna birni ma ya kan koma kufai.

Tsafe gari ne na kan hanya, duk motar da ta fito Sakkwato ko Gusau za ta Funtuwa da Zariya sai ta ratsa shi, daga nan ta wuce Wanzamai ta shiga ƙasar Katsina ta 'Yankara. Garin da motoci ke tsayawa kuwa ba ya rasa abinci. Ranar kasuwa tun daga bakin tasha hayaƙin masu balangu zai tare ka, ga 'yan mata da farantan dafaffen ƙwan zabi, ga masu rake, ga masu gyaɗa, ga hatsi tuli-tuli da aka kawo daga ƙauyuka. A wata rumfa bayan tasha muka sami matar da ta sa muka fi karya dokarmu ta biyu. Ba ta da allo, ba ta da suna a wurinmu sai Hajiya. Tuwon dawa ta ke yi da na masara, miya kuwa biyu, kuka da sure, sai hoce a cikin wani babban kwando da ta rufe da farin ƙyalle. Tana da wata al'ada da ta burge ni: in almajiri ya tsaya, ba ta ba shi sauran da aka ci aka bari, sai ta yanko masa daga tukunya. Na tambaye ta dalili, ta ce, “Malam, nawa ɗan ma yana gabas wurin karatu, ban san hannun da ka ba shi ba.”

Yawon Bunguɗu kuwa wani iri ne, na ruwa da lambu. Garin yana kan hanyar Sakkwato, kusa ƙwarai da Gusau, kafin a kai Maru, sarkinsa kuma shi ne Sarkin Fulanin Bunguɗu. Gulbin nan da ya taso daga wajen Funtuwa ya ratsa Gusau, wanda a takarda a ke kira Gulbin Sakkwato, shi ne ya bi ta nan. Da rani, in ruwa ya ja baya ya bar yashi, sai fadama ta yi kore shar da albasa da tumatir da tattasai da rake, ko'ina ka ji injin ban ruwa na tsuwa. Mu kan sayi rogo dafaffe da ƙuli-ƙuli, mu sami mai suyar tarwaɗa, mu shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro mu wuni. In an yi sa'a matan Fulani sun biyo da ƙwarya, a dama mana fura da kindirmo mai tsantsar maiƙo, wadda in ka sha sai barci. Da damina dai ba mu kusantar gulbi. Wanda ya ga abin da ruwa ya yi a 2006, sa'ad da madatsar Gusau ta ɓalle ta ci gidaje da rayuka, ba ya wasa da shi.

To, jama'a, duk abin da na faɗa muku na bayan gari, rabinsa ya zama labarin da. Ba wanda ke zaune a ƙasar nan da zai ce bai san dalili ba. Abin da ya fara da satar shanu da rikicin makiyayi da manomi ya girma ya zama 'yan bindiga masu tare hanya, su kone ƙauye, su ɗebi mutane sai an biya fansa. A watan Fabrairu na 2021 aka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe, duniya duka ta ji. Wajen ƙarshen damina ta wannan shekara hukuma ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma yanke layukan waya na makonni, don a toshe wa ɓarayin hanyar samun abinci da labari. A 2023 kuma aka shiga Sabon Gida, a ƙasar Bunguɗu, nan bakin Gusau, aka tafi da ɗaliban jami'ar tarayya. Hanyar Tsafe da mu ke bi muna waƙa ta zama wadda in mutum zai bi sai ya yi sallama da iyali kamar mai tafiya Makka a ƙasa.

Mu abin da muka rasa kaɗan ne, shan iska ne. Amma ku dubi mai rumfa. Jarinta ba ya wuce kwanon dawa kaɗan, da itace, da kayan miya, abin da ta samu yau da shi za ta yi cefanen gobe. Ranar kasuwa ita ce ranar cinikinta. In aka rufe kasuwa mako guda ta ci riba, mako biyu ta ci uwar kuɗi, na uku sai ta sayar da tukunya. In direbobi suka daina tsayawa don kowa na sauri ya wuce kafin rana ta faɗi, wa zai ci tuwon? Manomin da ke kawo mata dawa an hana shi zuwa gona, ko an sa masa harajin da ba hukuma ta sa ba. Bafulatanar da ke kawo nono, an kore shanun mijinta, ita kuma tana tsoron shigowa gari kada a yi mata kallon 'yar leƙen asiri, alhali ita ma abin ya ci ta. Ludayin miya guda, in ka bi sawunsa, sai ka tarar da hannun mutum goma a ciki, kowane kuwa wannan masifa ta taɓa shi. Bayan wannan duka, da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya tashi, kome ya bi shi. Masu tuwo ba su iya ninka kuɗi yadda 'yan kasuwa ke yi, gama sun san aljihun masu ci, sai malmala ta riƙa ƙanƙancewa, tsokar nama ta koma kamar ƙwayar dabino.

Akwai masu cewa, a irin wannan hali bai kamata a ga dattawa suna yawon cin daɗi ba, kamata ya yi kowa ya zauna gida. Na ji wannan magana, kuma akwai gaskiya a cikinta ta wajen tsaron rai. Ba na ce wa kowa ya ɗauki iyalinsa ya nufi daji don an ce da shi jarumi. Mu kanmu mun sake rawa da kiɗa ya sake. Ba mu fita gari sai mun tambayi direbobin tasha halin da hanya ta kwana, ba mu fita da sassafe kafin motoci su fara kai da kawowa, la'asar kuma a gida ta ke same mu. In aka ce akwai motsi, ko da mun riga mun shiga mota, sai mu sauka, ba gardama. Dutse kuwa mun bar hawansa, sai dai mu gaishe shi ta taga. Amma zaman gida ɗungum ban yarda da shi ba. Yawancin Asabar yanzu a cikin Gusau mu ke yawo da ƙafa, mu bi unguwa-unguwa, mu gangara bakin gulbi wajen Gada Biyu mu ga masu wanki da masu ɗiban yashi, sa'an nan mu nemi rumfar da ba mu taɓa shiga ba. Rumfunan kuwa sun ƙaru, ba don arziki ba. Matan da aka kashe wa maza, da waɗanda suka gudo daga ƙauyuka da 'ya'yansu, da yawa ba su da sana'ar da za su kama a birni sai kasko da murhu. Wannan na tuyar awara a bakin makaranta, waccan na ƙosai a kan kwana, wata na ɗanwake a ƙofar kangon da aka ba su aro. Ɗan abin da za ka miƙa ka karɓi awara, a wurinka abin taɓa ka lashe ne, a wurinta kuwa shi ne bambancin sana'a da bara.

Hajiyar Tsafe mun yi fiye da shekara ba mu ji ɗuriyarta ba. Sau biyu direbanmu na aikawa a tambayo, a ce rumfar a rufe ta ke. Ran nan muna ratsawa ta wajen Tashar Magami, sai tela ya tsaya cak, ya ce shi fa ya san wannan farin ƙyalle. Muka matsa, sai ga ta zaune a kan 'yar kujera, ta rame, ba tukunyar tuwo, ba benci, kwandon hoce kaɗai da robar ƙuli. Ta gane mu tun kafin mu yi sallama. Muka gaisa, muka yi mata jaje, gama ƙauyen da 'yan'uwanta su ke an tashe shi, mutum goma sha ɗaya suka dawo hannunta, ta ga Tsafe ba za ta ɗauke su ba ta taho wurin ƙanenta. Malamin makaranta ya tambaye ta ko za ta koma yin tuwo. Ta ce, “In Allah ya hore tukunya, Malam. Miyar tana nan cikin kaina, ba su ɗauke ta ba.”

Muka sayi hoce na mutum huɗu, ta yi mana datu a kwano guda. Babu wurin zama, sai muka tsuguna nan gefen titi, magidanta huɗu da furfura a gemu, muka ci. Asabar ɗin da ta biyo tela ya zo da benci a kan amalanke.